Nasiha Kan Waɗanda Teku Ya Riƙe

Ɗana, ka sha halartar jana'iza a nan Azarori, ba sai na koya maka yadda ake yi ba. Da rai ya yi halinsa, sai a aika wa dangi da maƙwabta, a ɗora ruwa, a kira mai wanka, a yanko likkafani. Samari su saɓi diga da shebur su yi gaba. A sallaci mamaci, a ɗauki makara ana karɓeɓeniya, kowa yana son kafaɗarsa ta taɓa ko da taku goma ne. A sa shi a makwancinsa, a jera itace, a liƙe da ɗanyar ƙasa, a mayar da ƙasa da hannu, a ɗora ƙaya saboda dabbobi. Kafin rana ta yi sanyi an dawo an shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa suna ta shigowa. Mukan ce duk wannan haƙƙin mamaci ne, kuma gaskiya ne. Amma rabin alherinsa masu rai ne ke ci. Uwar da ta ga an fita da makara ta san abin da ya same ta. Za ta yi kuka, za ta rame, amma ranar da zuciyarta ta tambaye ta ina ɗanta yake, tana da amsa.

Akwai gidan da ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaro ya fita, ba amo ba labari. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, don ba wanda ya isa ya ce ya rasu. Hankali kuma bai kwanta ba, don ba wanda ya isa ya ce yana raye.

Na ji kana shirin bin abokanka arewa da zarar hatsi ya shiga rumbu. Ban kira ka don in hana ka ba. Mutanen yankin nan namu, daga Madawa har Buza da Keita, tun kaka da kakanni da cin rani aka san su, kuma gidaje da yawa da kuɗin Abijan da Libiya aka yi musu rufin kwano. Abin da nake so shi ne ka saurari labarin wasu samari da ba danginmu ba ne, ba kuma addininmu ɗaya ba, waɗanda suka mutu shekara sama da 80 da suka wuce. Hukuncin lahirarsu na Allah ne, ba shi ya kawo ni ba. Yadda aka riƙe sunayensu bayan teku ya riƙe jikinsu, shi nake so ka gani.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, bai yi mana nisan da littattafan lakwal ke sa yaro ya zata ba. A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, Bahar Rum ya zama hanyar da jiragen ruwan Ingila ba sa bi sai da asara. Ga shi kuwa suna bukatar jiragen sama a Masar. Sai suka yi dabara: a kwance jirgi a zuba shi cikin manyan akwatunan katako, a kawo ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa shi a can, sannan a tuƙa shi a ratsa Afirka. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lami wadda yanzu ake kira Njamena, sai Aljinena da Alfashir a Darfur, sai Kartum, daga nan a bi kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Ƙasarmu Nijar kauce mata suke yi, domin tana hannun gwamnatin Vishi ta Faransa mai biyayya ga Jamus har zuwa Nuwamba 1942. Cadi kuwa tun Agusta 1940 gwamnanta, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, shi ya sa Fort Lami ta buɗu musu.

Tafiyar tasu irin ta ayarin gishiri ce da 'yan'uwanmu Kel Geres ke yi zuwa Bilma. Babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya shi ne madugu, yana gaba, ƙananan jiragen yaƙi, kowanne da mutum ɗaya tal a ciki, suna biye. In hazo ya taso, wanda madugu ya ɓace masa sai ta Allah.

Su waɗannan aƙalla ƙasa ce a ƙarƙashinsu. Akwai waɗanda aikinsu a kan ruwa yake. Jiragen ruwa masu dakon gyaɗa da manja da kuza da sojoji suna taruwa a Firitawun ta Saliyo su kama hanyar Ingila, jiragen Jamus masu nutso suna kwanton ɓauna a ƙarƙashin ruwa suna jiransu. Sai aka girke rundunonin sama a Saliyo da Gambiya, daga baya har da Dakar, aikinsu sintiri. A tashi tun da duhu, a yi ta shawagi awa goma ko fi, ido na neman ɗan ɗigo baƙi ko layin farin kumfa. Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce na gulbin Majiya da damina ba, ka ƙaddara ruwa gabas da yamma, kudu da arewa, ba bishiya ba dutse, ba abin da ido zai riƙe. In inji ya tsaya, babu wurin sauka.

Cikinsu akwai wani mutumin Niyu Zilan mai suna Lloyd Trigg. Ɗan karkara ne, ya yi aikin gona, yana da mata da 'ya'ya biyu maza. Ya shiga sojan sama a 1941, ya koyi tuƙi a Kanada, aka turo shi Afirka ta Yamma cikin runduna ta 200. Ranar 11 ga Agusta 1943 ya tashi daga Rufisk, kusa da Dakar, a jirgi mai inji huɗu ƙirar Liberator, su takwas a ciki. Shekarunsa 29. Sun yi nisan kusan kilomita 400 kudu maso yamma da Dakar, sai suka hango wani jirgin nutso na Jamus, U-468, a saman ruwa. Kwamandansa, Klemens Schamong, wanda shi ma bai kai talatin ba, bai yi nutso ba. Ya tsaya ya sa aka buɗe wuta.

Tun jirgin Trigg bai iso ba harsasai suka same shi, wuta ta kama. A nan yana da zaɓi. Yana iya karkata ya yi nesa da bindigogin, ya gwada kwantar da jirgin a kan ruwa, ko Allah zai sa wasu su fita. Bai karkata ba. Ya ci gaba da sauka cikin wutar har ya zo daidai kan jirgin nutson, tsakaninsa da ruwa bai fi mita 15 ba, ya saki bama-baman da ke fashewa a cikin ruwa. Ya wuce kaɗan, jirgin nasa ya faɗa teku ya tarwatse. Cikin su takwas ba wanda ya fita.

Jirgin Jamusawan ma bai daɗe ba ya nutse. Ruwa ya shiga baturansa, iska mai guba ta cika cikinsa, waɗanda suka samu suka faɗo ruwa kuma manyan kifaye masu cin mutum suka far musu. Mutum 44 suka mutu. Bakwai suka rage, har da kwamandan. Ka san abin da ya cece su? Kwalekwalen roba da ake hurawa, na jirgin Trigg, wanda ya ɓalle ya taso sama bayan faɗuwar. Abin da aka tanada don ya ceci mutum takwas ɗin nan, shi ya ɗauki waɗanda suka harbo su. Wani jirgin sama na Ingila da ya fito neman su Trigg ya hango kwalekwalen, ya zaci nasu ne, ya jefa musu guzuri. Bayan kwana biyu jirgin ruwan yaƙi mai suna Clarkia ya tsamo su.

To, ɗana, nan ne gaɓar da nake so ka riƙe. A duk faɗin duniya ba wanda ya ga ƙarshen samarin nan sai maƙiyansu. Ba wani jirgi a kusa, ba wanda ya tsira a nasu ɓangaren. Da Schamong ya ja bakinsa ya yi shiru, da abin da za a rubuta bai wuce sun fita sintiri ba su dawo ba. Shi kuwa yana da dalilin yin shiru: an nutsar masa da jirgi, an kashe masa mutum 44, ga shi fursuna a hannun abokan gaba. Amma da aka tambaye shi, ya faɗi abin da ya gani tiryan-tiryan, bai rage wa mamacin komai ba, ya ce matuƙin nan ya cancanci yabo mafi girma. A kan maganarsa aka ba Trigg lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita a sojan Ingila, a watan Nuwamba na 1943. A tarihin wannan lamba, shi kaɗai aka taɓa ba bisa shaidar abokin gaba ita kaɗai.

Ni lambar ba ta dame ni ba, ƙarfe ne. Abin da ke taɓa ni shi ne, akwai mace da yara biyu a can ƙarshen duniya da suka san ranar, suka san wurin, suka san yadda abin ya faru, saboda mutum ɗaya ya sauke abin da idonsa ya ɗauka. Akwai kuma wasu gidaje bakwai da suka huta da tambaya.

Yanzu dubi namu. Samari nawa suka dawo daga Libiya da Aljeriya da magana a cikinsu sun kasa faɗa? Wani ya ga lokacin da abokin tafiyarsa ya faɗo daga bayan mota tsakanin Agadas da Dirku, direba bai tsaya ba. Wani yana bakin ruwa lokacin da aka loda ɗan unguwarsu a kwalekwale, washegari ya ji kwalekwalen bai kai ba. Ya dawo gida, ya je gaida uwar yaron, ta tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce ai sun rabu tun Sabha, ya ji ana cewa ya tsallaka. Na san abin da ke sa su haka. Wani tausayi ne, ba ya son ya zama shi ya kawo baƙin labari. Wani tsoro ne, kada a ce shi ya ja yaron, ko a tambaye shi ina kuɗin da ke jikinsa. Ban zarge su ba, nauyin ba kaɗan ba ne a kan yaro ɗan shekara ashirin. Amma irin wannan tausayi yana barin tsohuwa tana zabura duk lokacin da salula ta yi ƙara, shekara da shekaru. In Allah ya ƙaddara ka zama kai ne ido na ƙarshe da ya ga wani, to amana ce aka ɗora maka. Kada ka tunkari uwar kai tsaye. Ka sami liman ko maigari ko wani babba a danginsu, ka faɗa masa ranar da wurin da abin da ka gani da idonka, ka ware shi daga abin da ka ji a bakin mutane. Manya sun san yadda ake shiga gida da irin wannan magana.

Sai batun suna. Bayan yaƙi, Turawan nan sun zauna sun tattara sunan duk wani sojan sama da ba a ga gawarsa ba. A tsibirin Malta akwai wani dogon ginshiƙi na dutse da gaggafa a samansa, an buɗe shi a watan Mayu na 1954, yana ɗauke da sunaye kusan 2,300, har da na waɗanda suka tashi daga Afirka ta Yamma. A can sunan Trigg yake, da na abokan tafiyarsa: Marinovich, Bennett, Soper, Frost, Townsend, Goodwin, Bonnick. Da gangan na jera maka su. Mai lamba kowa ya san shi, amma ruwa ɗaya ya ci su, kuma kowannensu ɗan wata ne. A Ingila kuma, a wani tudu da ake kira Runnymede, akwai wani ginin da aka buɗe a 1953 mai sunaye sama da 20,000, duk ba wanda yake da kabarin da aka sani.

In ka duba shekarunsu sai jikinka ya yi sanyi. Akasarinsu sa'anninka ne, daga 19 zuwa 25. A rundunar Ingila mai kai harin bama-bamai kaɗai, cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi aiki a cikin jirage, sama da 55,000 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Sun san lissafin, don suna ganin gadajen da ke wayar gari babu kowa a kai. Shi ya sa da yawansu ke rubuta wasiƙa su ajiye, a kan in ba su dawo ba a aika gida. Yaro ne, jininsa na tafasa, yana ganin shi dai zai dawo, amma duk da haka ya zauna ya rubuta. Wannan hankali ne, kuma addininmu ya riga su umarni da shi, tunda an kwaɗaitar da Musulmi ya ajiye wasiyyarsa a rubuce. Mu kuwa sai mu ɗauka kamar kiran mutuwa ne.

Wani lokaci ma labarin da aka ba iyaye ba shi ne gaskiya ba. Ranar 4 ga Afrilu 1943 wani jirgin Amurka da ake kira Lady Be Good ya tashi daga kusa da Bangazi da samari tara, zuwa kai hari Napoli ta Italiya. Fitarsu ta farko ke nan. A hanyar dawowa cikin dare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nausawa kudu cikin hamada har wajen kilomita 700. Da mai ya ƙare suka diro da laima, sanye da rigunan hana nutsewa, don a zatonsu ruwa ne a ƙasa. Hukuma ita ma ta ɗauka Bahar Rum ya ci su. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin kwance a kan rairayi, a 1960 aka gano gawarwakin takwas daga cikinsu. Sun yi tafiyar sama da kilomita 100 a ƙasa da ɗan ruwan da bai cika gora ba. Yadda aka san abin da ya same su kwana bayan kwana, ɗan littafi ne da ɗayansu, Robert Toner, yake rubutu a ciki har ƙarfinsa ya ƙare. Hamadar da za ka ratsa ke nan, ɗana, ita ce dai, ba ta canza ba.

Haka marubucin nan da kuka karanta a lakwal, Antoine de Saint-Exupéry, mai littafin Le Petit Prince. Shi ba yaro ba ne, shekarunsa 44 lokacin da ya tashi daga tsibirin Korsika ranar 31 ga Yuli 1944 bai dawo ba. Shekara 54 ba labari. A 1998 wani masunci a gaɓar Marsey ya jawo tarunsa, ya ga sarƙar hannu ta azurfa maƙale, da sunan mutumin da na matarsa a zane a jiki. Daga nan aka bi sawu har aka gano tarkacen jirgin. Da ba a zana sunan ba, da ƙarfe ne kawai masunci ya tsinta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu ma teku ya ci namu a yaƙe-yaƙen nan, amma ba a yi mana irin wannan hidima ba, mu ma ba mu yi wa kanmu ba. A watan Janairu na 1920 wani jirgin ruwa mai suna Afrique ya tashi daga Bordo zai zo Dakar, ya nutse a gaɓar Faransa. Cikin fasinjojinsa akwai sojojin Afirka ta Yamma wajen 190 da ke komawa gida bayan yaƙin farko, kaɗan ƙwarai suka tsira. Sun tsallake bindiga, ruwa ya tare su a hanyar gida. Mazan jiyan da aka ɗiba ta hannun sarakuna daga ƙauyukanmu, sau da yawa akawun Bature ya rubuta sunansu yadda kunnensa ya ji, ya liƙa musu lamba, sunan uba da na ƙauye sun gurɓace. Waɗanda suka dawo mun gan su muna yara, da tsohuwar rigar soja da lambobi a ƙirji ranar biki. Waɗanda ba su dawo ba fa? Yau in ka zagaya Azarori gida-gida kana tambayar wa aka ɗauka soja zamanin yaƙin Hitila bai komo ba, da wuya ka cika hannu ɗaya da sunaye, alhali tsofaffin da suka sani mun zauna da su, mun sha fura tare, ba a rubuta ba har suka tafi.

Ga shi kuma ana sake yi a gabanmu. Tun daga 2014 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙidaya mutum sama da 25,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum, kuma na hamada ba wanda ya iya ƙidaya su. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Su an same su, an binne su. Da yawa ba a samu ba. Waɗannan ba yaƙi suka je ba, abinci suka je nema, kuma ba wata gwamnati da za ta zana sunansu a dutse. In ba mu riƙe ba, ba mai riƙewa.

Kada ka ce maganar suna da shaida al'adar Nasara ce. Buɗe Risala da aka karantar da kai a zaure, ka ga yadda malamanmu suka ɗauki lamarin wanda ya ɓace da nauyi. Matarsa za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, in ba a sami labari ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kafin aure ya halatta gare ta. Dukiyarsa kuwa ba a rabawa sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. In babu abin ciyar da ita, malamai suna da wata hanyar da ta fi wannan gajarta, sai a tambaye su. Ka auna wannan a kan yarinya 'yar shekara goma sha takwas da goyo a baya, tana zaune gidan surukai, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Duk wannan dogon jira, shaidar adalai biyu da suka tabbatar da rasuwar tana yanke shi. Ka ga ashe shirun da yaro ya yi don tausayi, ƙuruciyar wata baiwar Allah yake ci, gonar marayu yake ɗaurewa.

In kuma labarin ya tabbata, a yi wa gidan abin da ake yi wa kowane gida. A shimfiɗa tabarma, a karɓi gaisuwa, a yi sadaka, a yi addu'a. Sallar gawa ga wanda ba ya nan malamai sun saɓa a kanta, a bar wa liman ya yi abin da ya sani. A kuma tuna wa uwar cewa ya tabbata a hadisi wanda ruwa ya ci yana cikin masu samun ladan shahada. Na ga tsohuwar da wannan magana kaɗai ta sa ta iya cin abinci. Kada kuma a bar bakin mutane ya yi ta cewa kwaɗayi ya kai shi. Yaron da ya ga rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara, ya tashi ya fita don ƙannensa su ci, ba a yi masa wannan sakayya ba.

Saboda haka in tafiyar ta tabbata, ga abin da nake roƙonka. Kada ka fita a ɓoye. Ka durƙusa gaban mahaifiyarka ta sa maka albarka, ko da za ta yi kuka. Ka bar hoton kardantitenka a gida, da hotonka na kwanan nan. Ka rubuta sunanka da na mahaifinka da Azarori, Madawa, da lambar salula biyu ta gida, ka naɗe a leda ka ɗinke a jikin wando, don salula tana mutuwa, ana kuma ƙwace ta. Ka haddace lamba ɗaya a ka. Duk zangon da ka sauka ka kira ka faɗi inda kake, da inda ka nufa, da su wa kuke tare, kai ma ka karɓi sunan gidan abokan tafiyarka. Bashin da ake binka da wanda kake bi, ka faɗa wa yayanka a gaban shaida. In ka isa bakin ruwa aka ce maka kwalekwalen roba zai kai ka Italiya, ka tuna sojojin da nake ba ka labari suna da jirgi mai inji huɗu, da rediyo, da rundunar da za ta fito nemansu, teku bai bar su ba. A nan kam ina hana ka, da duk ƙarfin da uba yake da shi a kan ɗa. Gidan da ɗansu ya riga ya yi shiru kuma, ka gaya musu ƙungiyar agaji ta Kurwa Ruj tana da sashen neman dangin da suka ɓace, su kai suna da hoto, ba a biyan ko dala.

Kafin ka tafi akwai aikin da za mu fara tare. Ranar kasuwa ka sayo babban littafi mai bango mai kauri da biro biyu. Za mu soma da unguwarmu, gida-gida: sunan wanda ya fita, sunan uwa da uba, shekarar da ya tafi, inda aka ji muryarsa ta ƙarshe, da wanda ya gan shi. Mazan jiyan da har yanzu ake iya tuna sunansu su za mu sa a shafin farko. Na yi magana da liman, ya yarda littafin ya zauna a wurinsa, a riƙa sa masu sunan cikin addu'a. Idona ya yi rauni, ni zan yi sallama in yi bayani, kai ka rubuta. Ka zo bayan la'asar, lokacin mata sun gama daka.